Yadda Ake Neman Bizar Karatu Idan Sai An Fara da Koyon Harshe

Da yawa daga cikin yaran Sakkwato da ke fita karatu waje ba sa faɗawa aji ɗaya na jami'a kai tsaye. Mai zuwa Madina ko Azhar sai an gwada Larabcinsa, in bai kai ba a tura shi ma'ahadin harshe tukuna. Wanda ya samu tallafin gwamnatin Turkiyya sai ya yi shekara guda yana koyon Turkanci. Jamus, Faransa, Sin da Rasha duk suna da irin wannan zangon share fage. To a tsakanin makarantar harshe da jami'a ne ɗalibai suka fi tuntuɓe, domin ita biza a kan dalili ɗaya ake ba da ita. Dalilin da ka rubuta ranar da ka nema, shi ne zai bi ka har can, kuma ba kowace ƙasa ke yarda ka sauya shi bayan ka sauka ba. Don haka hanyar gaba ɗaya, daga ajin harshe zuwa digiri, tun kana gida za ka tsara ta.

Da farko, ka san wace biza kake nema

Kafin ka biya kowa ko sisi, ka samu amsar tambaya ɗaya a rubuce: idan na gama koyon harshen, da wannan bizar zan wuce jami'a, ko sai na dawo Najeriya na sake nema?

Ingila tana da bizar ɗan gajeren karatu ga mai koyon Turanci na tsawon wata 6 zuwa 11. Ba a aiki da ita, ba a ƙara mata wa'adi, ba a kuma juya ta zuwa bizar ɗalibi daga cikin ƙasar. Ka gama, ka dawo gida. Wanda burinsa digiri ne, abin da yake bukata shi ne jami'ar kanta ta ba shi gurbi, in akwai darasin Turanci na share fage a shigar da shi cikin tsarin bizar ɗalibi.

Jamus ta raba abin gida uku. Akwai bizar koyon harshe zalla, wadda ba ta wuce wata 12, kuma dole makarantar ta zama mai karatun kullum, aƙalla awa 18 a mako. Darasin yamma ko na Asabar da Lahadi ba ya cikin lissafi. Akwai bizar mai neman gurbi, ga wanda bai samu jami'a ba tukuna amma takardunsa sun isa ya nema, ita kuma iyakarta wata 9. Sai bizar ɗalibi, wadda darasin harshe na share fage da shekarar Studienkolleg, wato ajin share fagen shiga jami'a, suke shiga ƙarƙashinta, muddin ka nuna takarda daga jami'a cewa an karɓe ka bisa sharaɗin ka kawo shaidar Jamusanci. Wannan ta ukun ita ce ta mai niyyar digiri. Ana ba zangon share fagen shekara 2, galibi ba ƙari, saboda haka wanda ya sauka bai iya ko gaisuwa ba yana da jan aiki kafin ya ci jarrabawar Jamusanci ta DSH ko TestDaF. Shawarata, ka yi matakan farko na Jamusanci, wato A1 da A2, a nan gida. Cibiyar Goethe mai koyar da Jamusanci tana Legas, ana kuma yin darasi ta intanet. Mai nufin Faransa ma haka: akwai Alliance Française a Kano, ana koyar da Faransanci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga kuma mutanen Ƙonni da ke shigowa Illela kullum, ba za ka rasa wanda za ka goge bakinka da shi ba. Jami'o'in Faransa galibi matakin B2 na iya Faransanci suke nema.

Sai abin da ya fi shafar mutanenmu. Bizar Umara ba bizar karatu ba ce. Ana samun masu cewa, “Ka dai shiga, in ka isa Madina Allah zai buɗa hanya.” Wanda ya shiga da bizar Umara ya zarce wa'adinta ya zama mai zaman da ba izini, da tara da kora da hana dawowa a kansa, kuma babu jami'ar da za ta yi masa rajista a wannan hali. Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura da sauransu ta intanet ake nemansu, yanzu ta shafin Study in Saudi, kuma in an ɗauke ka jami'ar ce ke turo izinin bizar. Haka bizar ziyara ta ƙasashen Turai, mai kwana 90, ba a mayar da ita izinin karatu.

Ka binciki makarantar

Wannan aikin yini ɗaya ne, amma kada ka tsallake shi. Makarantar tana da izinin ɗaukar ɗaliban waje a ƙasarta? Najeriya za ta amince da takardarta in ka dawo? A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin jami'o'in Benin da Togo bayan an bankaɗo cinikin takardu, abin ya shafi har waɗanda suka yi karatunsu tsakani da Allah. Mai son likitanci ya tuna cewa duk inda ya karanta, sai ya zauna jarrabawar hukumar kula da likitoci ta MDCN kafin ya taɓa majiyyaci a Najeriya.

Suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya

Ka fito da takardunka duka ka shimfiɗa su a tabarma: takardar haihuwa, NIN, sakamakon WAEC ko NECO ko NBAIS, takardar digiri in akwai, fasfo in kana da shi, da sunan da ke kan asusun bankinka. Ka karanta su harafi bayan harafi. A wajenmu abu ne da aka saba gani: a firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare Mohammed, a NIN Muhammad. Wani a takarda ɗaya sunan mahaifinsa ne a ƙarshe, a wata kuma sunan garinsu, Wurno ko Gwadabawa ko Boɗinga. Wani kuma ranar haihuwarsa 1 ga Janairu ce a wata takarda, a wata daban. Mu mun san mutum ɗaya ne. Jami'in da ke duba fayil a ofishin jakadanci mutum biyu yake gani.

Gyaran yana farawa daga NIN, domin da bayanan da ke cikinta ake buga fasfo. In bambancin yana kan takardar makaranta da ba ta gyaruwa, ka yi rantsuwa a kotu cewa sunayen duk naka ne, ka buga sanarwa a jarida, ka ajiye asalin shafin jaridar. Wanda ba shi da takardar haihuwa ya je ofishin hukumar ƙidaya ta ƙasa a ba shi takardar shaidar haihuwa. Takardar rantsuwar shekaru ita kaɗai ba kowane ofishin jakadanci take gamsarwa ba.

Fasfo kuwa, a ofishin shige da fice na nan Sakkwato ake ɗaukar hoto bayan ka cika ka biya ta intanet. Daga Satumbar 2025 mai shafi 32 na shekara 5 naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara 10 naira 200,000. In da hali ka yi na shekara 10. Shekarar harshe da digiri na shekara 4 sun cinye ɗan shekara 5 ɗin, kuma ƙasashe da yawa ba sa ba da izinin zama da ya wuce wa'adin fasfo.

Tantance takardu a Abuja

Ƙasashe da yawa, musamman na Larabawa, da Sin da Rasha, ba sa karɓar takardar makaranta sai da hatimi a bayanta. Tsarin a jere yake: Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, sannan Ma'aikatar Harkokin Waje, sannan ofishin jakadancin ƙasar da za ka. Ba a fara na biyu sai an gama na farko. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar nan ta hatimi ɗaya da ke wadatarwa a ko'ina, shi ya sa sai an bi ƙofofin nan uku. In ana bukatar fassara, ka tambayi makarantar wane irin mai fassara suka yarda da shi kafin ka ba kowa. Wanda ya gama digiri ya nemi takardar sakamakon darussansa tun da wuri, don fitarta daga jami'a takan ɗauki lokaci.

Daga Sakkwato zuwa Abuja yini ne cur a mota, ko ta Gusau da Funtuwa ko ta Yawuri da Kwantagora, ga halin da hanyoyin suke ciki. Ka haɗa ayyukanka a tafiya ɗaya: hatimi, gwajin lafiya, da katin rigakafin shawara, wanda sai bayan kwana 10 da yin allurar yake fara aiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shekara guda kafin ranar fara karatu ba ta yi yawa ba.

Takardar da biza ke tsayawa a kanta

Wasiƙar taya murna daga jami'a ba ita ce ake kai wa ofishin jakadanci ba. Kowace ƙasa da tata takardar shaidar samun gurbi. A Ingila lambar CAS ce, a Amurka fom ɗin I-20, a Sin JW201 ko JW202. Faransa sai ka bi ta hukumarsu ta ɗaliban waje, Campus France, ka cika fayil a shafinsu, su gana da kai, kafin a zo maganar biza. Jami'o'in Jamus da yawa ta ofishin tantance takardu na uni-assist suke karɓar takardun 'yan waje, kuma a nan ne za ka san ko sakamakonka ya isa shiga kai tsaye ko sai ka yi Studienkolleg. Tallafin gwamnatin Turkiyya, Türkiye Bursları, ana buɗe shi ne daga Janairu zuwa Fabrairu, kuma nemansa kyauta ne. Duk wanda ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbi a ciki, cutarka zai yi.

Ba na cewa duk dillalan karatu macuta ne. Amma imel ɗin da aka buɗe fayil da shi ya zama naka, kalmar sirri tana hannunka, kuɗin makaranta kuma asusun makarantar za ka tura, ba na dillali ba. Abin da aka cika da sunanka, kai za a tambaya.

Maganar kuɗi

Nan ne aka fi mayar da mutane, kuma sau da yawa ba don babu kuɗin ba. Alhaji na iya mallakar garken shanu, da rumfar albasa, da shaguna a kasuwa, amma jami'in biza ba ya ganin ko ɗaya. Abin da ya ratsa ta banki kawai yake gani. Sai a sayar da kaya mako ɗaya kafin a nemi biza, a zuba miliyoyi lokaci guda a asusun da jiya ba kowa a ciki, shi kuma ya ɗauka aro aka yi don a nuna masa. In dukiyar gidanku a kaya take, ku fara shigar da kuɗin ciniki banki watanni kafin lokaci, ku ajiye rasit na duk abin da aka sayar, da takardar rajistar kasuwanci in akwai.

Ingila tana so kuɗin ya kwana 28 a jere a asusu ba tare da ya sauka ƙasa da adadin da ake nema ba ko da yini ɗaya, kuma ranar ƙarshe ta bayanin bankin kada ta wuce kwana 31 kafin ka nema. Adadin shi ne kuɗin makaranta na shekarar farko da kuɗin ci da kwana na wata 9. A farkon 2025 fam 1,483 ne a wata a Landan, fam 1,136 a wajenta, kuma yana hawa. Ga wani sharaɗi da ya saɓa da yadda muke zumunci: asusun ya zama naka, ko na mahaifi ko mahaifiya, ko na wanda kotu ta ba riƙonka. Baffa ko kawu ko yaya, komai kusancinsa, asusunsa ba ya shiga. In shi ne mai ɗaukar nauyi, ya tura kuɗin asusunka tun da wuri su yi kwanakinsu. Ban da wannan akwai kuɗin lafiya, fam 776 a kowace shekara, da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi, wanda takardarsa wata 6 take aiki.

Jamus kulle kuɗin take yi. Za ka buɗe asusu na musamman ka zuba kuɗin shekara guda, yuro 11,904 tun daga Satumbar 2024, in ka isa a riƙa sakar maka yuro 992 a wata. Mai cikakken tallafin karatu, ko wanda wani mazaunin Jamus ya sa hannu a hukumance zai ɗauki nauyinsa, ba sai ya yi wannan ba. Faransa ta daɗe tana neman shaidar yuro 615 a wata.

Ina roƙon iyaye su yi lissafi da idon basira. A watan Mayun 2023 dala ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A 2024 wasu ɗalibai 'yan Najeriya a Ingila sun kasa cika kuɗin makaranta, aka cire su daga rajista, bizarsu ta shiga haɗari. Kuɗin shekarar farko kaɗai ba shiri ba ne. Wanda gwamnatin jiha ko wata hukuma ta ɗauki nauyinsa ma ya karɓi wasiƙar da ta fayyace abin da za a biya da tsawon lokacin, ya kuma tabbatar shekarar harshe tana ciki, sannan gida su tanadi abin da zai riƙe shi in kuɗin ya yi jinkiri.

Ranar ganawa

Ka nemi rana da zarar takardarka ta fito, domin layi yakan yi tsawo daga Yuni zuwa Satumba. Ingila tana karɓar nema tun wata 6 kafin fara karatu. Ka duba shafin ofishin jakadancin da kanka a makon da za ka nema, kada ka dogara da abin da wanda ya tafi bara ya faɗa maka. Dokokin suna sauyawa da sauri: daga Janairun 2024 Ingila ta hana yawancin ɗalibai tafiya da iyali in ba masu digirin bincike ba, a Yulin 2025 kuma Amurka ta rage yawancin bizar 'yan Najeriya zuwa wata 3, shiga ɗaya.

Tambayoyin ba ɓoyayyu ba ne. Me ya sa wannan fanni? Me ya sa wannan ƙasa? Wa zai biya, mene ne sana'arsa? In ka gama sai me? Ka amsa da bakinka. Yaron da ya ce yana son karanta noman rani saboda ya tashi yana ganin abin da madatsar Goronyo ke yi wa manoman yankinsu ya fi gamsarwa a kan wanda ya haddace wasiƙar da dillali ya rubuta wa mutum ashirin. In an taɓa hana ka biza a wata ƙasa, ka faɗa. Takardar bogi guda ɗaya tana jawo hana shiga Ingila na shekara 10. In kuma an ƙi ka, ka karanta dalilin da kyau ka gyara shi kafin ka sake nema. Jamus ta daina karɓar ƙorafin sake duba fayil a ofishin jakadanci tun 1 ga Yulin 2025, abin da ya rage shi ne sabon nema ko kotu.

Bayan ka sauka

Biza ƙofa kawai take buɗe maka, zama kuma sai da izininsa daban, kuma kwanakin ƙidayayyu ne. A Sin, mai bizar karatu ta X1 yana da kwana 30 ya nemi izinin zama, wanda ya kama ɗaki a cikin gari kuma ya yi rajista wajen 'yan sanda cikin awa 24. A Faransa za ka tabbatar da bizarka ta intanet cikin wata 3. A Jamus za ka yi rajistar adireshinka cikin mako 2 da shiga gida, da takarda daga mai gidan, sannan ka nemi izinin zama a ofishin baƙi kafin bizar ta ƙare. Turkiyya, Masar da Saudiyya duk sai da iƙama. Ranar da ka isa, ofishin ɗaliban waje na makarantarka shi ne wurin zuwa na farko, kafin ziyarar 'yan gida.

Aiki yana da iyaka. Ɗalibin digiri a Ingila awa 20 a mako lokacin karatu, a Faransa awa 964 a shekara, a Jamus yini 140 cikakku ko rabi-rabi 280. Ƙa'idar ɗan ajin harshe takan bambanta da ta ɗan jami'a, don haka ka karanta abin da aka rubuta a jikin katinka. Kuma fashin aji ba ƙaramin abu ba ne: makarantar harshe tana ɗaukar suna, in za a sabunta maka izini za a nemi shaidar halarta da ta ci gaba. Da ka samu cikakken gurbi a jami'a, ko ka sauya makaranta ko fanni ko gida, ka sanar da ofishin baƙi. Sabuntawa kuma ka fara ta wata 2 ko 3 kafin wa'adi, kada ka sayi tikitin zuwa Sallah gida alhali katinka yana hannun hukuma sai ka tabbatar takardar wucin gadin da aka ba ka tana ba da damar komawa.

Ka ɗauki hoton kowace takarda ka tura imel ɗinka, ka bar kwafi a gida wajen wanda ka amince da shi. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗalibanmu na Khartum da abin da hannu zai iya ɗauka suka fito, jami'o'in kuma suka rufe da fayilolinsu a ciki. Ka kuma yi rajista da ofishin jakadancin Najeriya na ƙasar da kake. Tsohon fasfo da tsofaffin katunan izinin zama kada ka yar da ko ɗaya, domin in ka dawo yi wa ƙasa hidima, hukumar NYSC za ta nemi ganin bizar da ka fara shiga da ita, da hatimin ranar da ka fita da ranar da ka dawo, tare da takardar tantance digirinka daga Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya.